Yadda Ake Kawar da Kututturen Itace a Tsakar Gida

A unguwanni irin su Madaki a cikin garin Gombe, maigida kan sare bishiya domin ya ƙara ɗaki, ko don saiwarta ta fara tsaga katanga. Yawanci maina ce, wato dogon yaro, wadda aka fara dasawa a lardin Borno a 1928. Abin da malaman gona za su fahimtar da jama'a shi ne, kututturen maina yana nan da ransa. Saiwoyinsa na ɗauke da abincin da bishiyar ta tara, shi ya sa yake sake tofo bayan 'yan makonni.

Hanya mafi sauri ita ce amfani da maganin ciyawa mai sinadarin gilayfoset. A sake yanke kan kututturen da zarto dab da ƙasa, a shafa maganin da buroshi kafin minti 15 su wuce, tun itacen yana ɗanye. A mai da hankali ga zoben da ke ƙarƙashin ɓawo, domin ta nan ne maganin ke sauka zuwa saiwa. Wanda aka zuba a tsakiya asara ce. A sa safar hannu, a kuma tsare yara da awaki. Wanda ba ya son magani sai ya riƙa karya tofon da zarar ya leƙo, har abincin saiwar ya ƙare. Wannan na iya cin damina biyu ko fiye.

Idan ya mutu, a huda shi da ramuka, a zuba takin yuriya, a rufe da takin gargajiya, a riƙa ba shi ruwa don ya ruɓe da wuri. Amma in yana kusa da ginin ƙasa ko katakon rufi, gara a tone shi a farkon damina, wajen watan Yuni, lokacin da ƙasa ta yi laushi, saboda matacce kan jawo gara. A cike ramin da jar ƙasa a daddaɓe.

Kada a cinna masa wuta, musamman da hunturu: takan bi saiwa tana ci a ƙarƙashin ƙasa kwana da kwanaki. Gishiri da baƙin mai kuwa ɓata ƙasa suke yi, baƙin man ma yakan gurɓata rijiya.

Gombe na fama da zaizayar ƙasa. Idan gidan yana bakin kwari, kada a kashe kututturen, domin saiwarsa ce ke riƙe da gaɓar. A bar tofo ɗaya ko biyu masu ƙarfi su girma, a riƙa sassabe sauran.