Bangon Maraɗi da ƙunshin amarya

Duk wanda ya ratsa Maraɗi a kan kabu-kabu, daga babbar kasuwa zuwa unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo, ya san bangayen garin ba kurame ba ne. Nan an rubuta hanin fitsari da gawayi, can lambar wayar mai yasar masai, gaba kaɗan sunan wata fada ta samari, ga kuma sunayen jam'iyyu da suka rage tun zaɓen 2020, rana ta cinye rabinsu. A ƙofar masu aski akwai zanen kawuna iri-iri, a bayan manyan motocin da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Katsina akwai zaki da ɗawisu da addu'ar tafiya. Hannun masu fenti na nan. Abin da babu shi ne wanda ya ɗauki aikinsu da daraja.

A Amurka, rubutun bango na zamani ya taso ne a ƙarshen shekarun 1960, a Filadelfiya da New York, inda ƴaƴan talakawa suka riƙa rubuta laƙabinsu a gine-gine da jiragen ƙasa. A 1971 jaridar New York Times ta ba da labarin ɗaya daga cikinsu, Taki 183, abin ya bazu. Hukuma ta kira shi ɓarna, ta yi shekaru tana gogewa. Dakar ta fi kusa da mu: wajen 1990 samarin unguwanni suka tashi da yunƙurin Set Setal, suka share tituna, suka kwashe bola, sannan suka cika bangaye da zane.

Ni kam idan ana gardamar ko zanen bango ado ne ko ƙazanta, ƙunshin amarya nake tunowa. Lallen da mai ƙunshi ta zauna ta ja wa amarya a hannu, shi ne dai lallen da yaro zai tsoma yatsa ya shafa wa rigar uwarsa. Kwano ɗaya, kwaɓi ɗaya. Na farko ana biyan kuɗi, ana kiran ƙawaye su zo su gani. Na biyu kuwa faɗa yake jawowa. Abin da ya raba su bai wuce biyu ba: gwaninta, da yardar mai hannu. Mai ƙunshi ba ta fizgo hannun kowa a hanya. Ana kiranta, a yi ciniki, a zaɓi zane. Haka ya kamata bango ya kasance. Wanda ya lallaɓo da dare ya fesa sunansa a katangar da wani ya tara kuɗin siminti shekara da shekaru ya gina, ya ci haƙƙin mutum, ko da rubutun ya yi kyau.

Akwai masu cewa asarar fenti ce, tunda ƙurar hunturu da zafin bazara za su kashe launin kafin damina biyu. To, ƙunshi ma mako biyu ko uku yake yi ya dushe, ban taɓa jin uwar amarya ta ce an yi asara ba. Dushewar ce ke ba da wurin sabon zane, ita ce kuma ke sa mai sana'ar ta ci abinci.

Maganar da ta fi nauyi a Maraɗi ita ce ta addini, kuma ba ta wasa ba ce. Malamai da yawa ba su yarda da zana mai rai ba. Amma dubi hannun amaryar: fure ne, ganye ne, layuka ne masu sarƙewa, babu fuskar kowa. Magina na da sun san wannan hanyar. Dagi da sauran zanen da ke fuskar gidajen Birni a Damagaram da tsohon garin Zariya shaida ne, haka ma zayyanar da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani. Maraɗi ta yi rashin irin wannan gado a ido, don ambaliyar gulbi ta 1945 ta ci tsohon gari, aka hau tudu aka yanka sababbin tituna miƙaƙƙu. Yau bulo da siminti ne ko'ina, dogayen katangu tsirara.

Abin zanawa kuwa bai ƙare ba. Tibiri na da tarihin Gobirawa tun kafuwarta bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Jiratawa na da lambunanta da zogalenta. Maraɗi na da takobin kokowa da ɗan kokowarta Kantu ya fara ɗaukowa a 1975.

Ya kamata ma'aikatar magajin gari ta ware katangun makarantu da tasha da filin kokowa, ƴan kasuwarmu su sayi fenti, a kira masu zanen alluna da na motoci da ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, a biya su kuɗin aikinsu. Mai gida kuma, in yaro ya zo da zanensa a takarda ya roƙi bango, a duba takardar kafin a kore shi.