Iyo Da Mai Tseren Dogon Zango

Maigida, in kana da yaro mai shiga tseren dogon zango a makaranta, watakila ka ji ana cewa iyo yana ƙara masa ƙarfin gudu. Da gaskiya a ciki.

Duk takun da mai gudu ya yi, nauyin da ke sauka a ƙafarsa yakan kai na jikinsa sau 2 ko 3. Shi ya sa gwiwa da ƙwauri sukan yi ciwo. Cikin ruwa kuwa, ruwan ne ke ɗauke da mutum: zuciya da huhu suna aiki, ƙafa tana hutawa. Saboda haka iyo ya dace da ranar da ƙafa ta yi tsami. Amma kada ya bar gudu dominsa, gama ƙashin ƙafa sai da taka ƙasa yake ƙwari.

To, amma a wane ruwa? Nan ne abin tsoro. Kududdufi da tafki da ruwan fadama, inda katantanwa ke zama, nan tsargiya take. Tsutsarta ido ba ya ganinta. Daga jikin katantanwa take fitowa, ta huda fatar mai iyo, ko bai sha ruwan ba. Bayan 'yan watanni sai ka ga jini a ƙarshen fitsari. Wasu na cewa alamar balaga ce. Ba haka ba ne, ciwo ne, yana rage jini, kuma mai ƙarancin jini ba ya nisa a gudu.

In ba ku da ruwa sai irin wannan, gara ya hau keke. Wanda kuwa ya riga ya ga jini, kawo shi asibiti a auna fitsarinsa. Akwai ƙwayar maganinsa, sunanta firazikwantel.