Yumɓu mai kama da dutse: Sirrin magina da ya ja hankalin masu tonon kayan tarihi

Da zarar ruwan damina ya kwanta a tafkunan Tanut da Belbeji, yaran Damargu kan ƙwaƙulo laka su gina raƙumi ko sa mai tozo, su shanya a rana. Ba a gasa su, shi ya sa ba sa ƙarko. A Mirya kuwa, kusa da birnin Damagaram, inda ginin tukwane ya zama sana'ar gado, sai yumɓu ya sha wuta kafin ya shiga kasuwa.

Magina a yankin Sahel kan cakuɗa yumɓu da dakakken tsingaro, ko yashi, ko ƙaiƙayin gero, don kada ya tsage a wuta. Ƙaiƙayin kan ƙone ya bar 'yan ramuka, tsakuwa kuma ta tsaya a inda take. Idan ba a goge jikin ba, sai ya fito da kaushi, tamkar baƙaƙen duwatsun aman wuta da ke tsaunukan Abzin, arewa da Damargu.

Irin wannan kaushi ne masu tara kayan tarihi a Turai ke zuba kuɗi a kansa, alhali magina na dā ba shi suka nufa ba. Mutum-mutumin Nok, waɗanda aka fara tonowa a wuraren haƙar kuza na tsakiyar Najeriya, an shafe su da ruwan yumɓu an goge su sumul tun farko. Fiye da shekara 2,000 da suka yi a ƙasa ce ta cinye shafen, ƙwayoyin tsakuwa suka bayyana. A shekarun 1940 aka kai wa Baturen nan Bernard Fagg wani kai da aka samu kusa da Jema'a, bayan ya yi aikin gadin gonar doya.

Nijar ma tana da nata. A 1975 aka gano maƙabartar Bura a yankin Tera, jihar Tillaberi, kuma a 1983 masanin tarihi Boubé Gado ya jagoranci tono a can, inda aka samu ɗaruruwan tulunan jana'iza a kife, da kawunan mutane da mahayin doki, duk na yumɓu. Bayan baje kolin kayan tarihin kwarin Kogin Neja da aka yi a Paris a 1993, dillalai suka buɗe ido, mutanen ƙauye suka shiga tono.

Asarar ta fi ta abin da aka ɗauke. Wanda ya tone rami da dare ba ya duba zurfinsa, ba ya ajiye gawayin da ake auna shekaru da shi, kuma abin da ya fashe ya watsar. Sai a samu kai a cikin akwatin gilashi, ba wanda zai iya cewa na wane gari ne. Ga kuma 'yan jabu, masu manna tsofaffin gutsattsari a jikin sabon gini don su yaudari gwajin shekaru. Magini da ya yi sabo ya sayar a matsayin sabo bai taka doka ba. Wanda ya binne shi don ya yi kama da tsoho, damfara ya shirya.

Nijar ta yi dokar kare kayan tarihi a 1997. A shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan yumɓun Nok da Sakkwato da Katsina da Bura cikin jerin waɗanda take gargaɗi kada a saya. A shekarar ce kuma aka ga na Nok a gidan tarihin Louvre, har aka yi ta cece-kuce. A 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Najeriya ne, amma ta riƙe su a matsayin aro na shekara 25, wa'adin da zai cika a 2027.