Matsayin Harshe a Yaƙi da Ƙyamar Baƙar Fata Tsakanin Koriyawan Amurka

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a nuna yadda harshe ya shiga yaƙi da ƙyamar baƙar fata tsakanin Koriyawa mazauna Amurka.

Tushen maganar yana birnin Los Anjeles. A shekarar 1991 wata Bakoriya mai kanti, Soon Ja Du, ta harbe Latasha Harlins, yarinya baƙar fata 'yar shekara 15, bisa zargin satar kwalbar lemo. Kotu ta same ta da laifi, amma ba ta ɗaure ta ba. Ran 29 ga Afrilu, 1992, da aka wanke 'yan sandan da suka lakaɗa wa Rodney King duka, sai tarzoma ta ɓarke, aka ƙone ko aka wawashe kantunan Koriyawa fiye da 2,000. Koriyawa suna kiran wannan rana Sa-i-gu, wato huɗu-biyu-tara.

Abin lura a nan shi ne, da yawa daga iyayen da suka yi ƙaura ba su ji Ingilishi sosai, 'ya'yansu kuwa Koriyancinsu bai nuna ba. Saboda haka muhawarar da ake yi a jami'o'i ba ta kan kai cikin gida ba. Don cike wannan giɓi, a shekarar 2016 matasa 'yan asalin Asiya suka haɗu suka rubuta wa iyayensu wasiƙa a kan kisan baƙaƙen fata da 'yan sanda ke yi, aka fassara ta zuwa harsuna da dama, har da Koriyanci. Hujjarsu ita ce, ƙyamar da aka koya da harshen gida, da shi ne aka fi saurin warware ta.