Yadda Fayil Ke Rikiɗa Haruffa a Cikin Wasiƙar Imel

A ɗauka wani malamin sakandare a Gidan Katta, cikin ƙaramar hukumar Illela, yana son aika wa ɗalibai 200 sakamakon jarrabawa, kowa da nasa. Maƙala takardun da hannu zai cinye masa yini, kuma kuskure guda na iya kai sakamakon wani ga wani. Mafita ita ce ya rubuta gajeren tsarin umarni, kwamfuta ta yi aikin. To, ta yaya takarda ke shiga cikin imel?

Ƙa'idar aika imel mai suna SMTP, wadda Jon Postel ya wallafa a 1982, an gina ta ne domin ɗaukar alamomin rubutu 128 na tsarin ASCII. Hoto ko fayil ɗin PDF kuwa jerin bayit ne, watau ƙwayoyin bayanin kwamfuta, waɗanda da yawansu ba su dace da kowace alama ba. A 1992 Nathaniel Borenstein da Ned Freed suka fito da tsarin MIME, wanda ke raba wasiƙa sashe-sashe, kowane sashe da bayanin irin abin da ya ƙunsa.

Dabarar da aka fi amfani da ita wajen sauya fayil ita ce Base64. Ana ɗaukar bayit 3, a mayar da su haruffa 4 daga cikin alamomi 64: manyan haruffa 26, ƙanana 26, lambobi 10, da alamomin + da /. Kwamfutar mai karɓa sai ta warware su, fayil ya koma yadda yake.

Malamin ba sai ya yi wannan lissafi da kansa ba. Harshen kwamfuta na Python yana da taskokin umarni biyu: email, wadda ke haɗa saƙo da fayil ta kuma yi sauyin, da smtplib, wadda ke miƙa wasiƙar ga kwamfutar da ke rarrabawa.

Sai dai a kula da abu biyu. Na farko, fayil yana ƙaruwa da kashi ɗaya bisa uku: megabayit 21 kan zama 28, don haka inda iyaka 25 ce, wasiƙar za ta dawo. Na biyu, haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ, ɗ da ɓ ba sa cikin ASCII, sai an yi amfani da tsarin UTF-8 sunayen ɗalibai za su fito daidai. Saboda haka ya kamata malamin ya fara aika wa kansa wasiƙa guda, ya duba ta, kafin ya saki sauran.