Shin Ko Kun San? Burauza, Bairos da Kwamfutar Gida

Shin ko kun san cewa yawancin burauzocin da ake ta musu a kan wacce ta fi tsaro uwarsu ɗaya? Chrome da Edge da Opera da Brave da Samsung Internet duk a kan injin Chromium aka gina su. Opera ta koma kansa tun 2013, Edge kuwa a watan Janairun 2020. Firefox da Safari ne ke tafiya da nasu injin. Saboda haka in aka gano ɓaraka a Chromium, duk dangin ta shafa, sai dai a duba wa ya riga toshe tasa.

Ko kun san har gasar fasa burauza ake yi? Sunanta Pwn2Own, an fara ta a 2007 a birnin Vancouver na Kanada, kuma wanda ya yi nasarar kutse yakan tafi da kuɗi da na'urar da ya fasa. A gasar Maris ɗin 2024, mutum ɗaya, Manfred Paul, ya fasa Safari da Chrome da Edge da Firefox. To, wacce za a yi wa kirari? Abin da ya fi jan hankali shi ne Mozilla, mai Firefox, ba ta ɓata lokaci ba, cikin kamar kwana ɗaya ta fitar da gyaran Firefox. A ganina a nan ya kamata a auna burauza: saurin ɗinke ɓaraka, da kuma ko mai kwamfutar ya bari gyaran ya sauka.

Shin kun san shafin Incognito ba ya hana bairos? Aikinsa kawai kada burauza ta adana tarihin inda kuka shiga a kan na'urar. Kamfanin da ke ba ku data yana iya ganin gidajen yanar da kuka leƙa, fayil mai cuta kuma in kun sauke shi yana nan daram.

Alamar kwaɗo da ke kusa da adireshi fa? Ba shaidar amana ba ce. Tana nufin an rufe hanyar da ke tsakaninku da shafin, alhali shafin na iya zama na 'yan damfara. Ruɗin ya yi yawa har Chrome ta cire alamar a 2023.

Ko kun san bairos ɗin WannaCry, wanda ya ɓarke ranar 12 ga Mayun 2017, ya kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150? Yana kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa na dala 300 da Bitcoin. A Ingila sai da asibitoci suka soke ganin marasa lafiya. Abin takaicin, Microsoft ta fitar da maganin ɓarakar Windows da bairos ɗin ya bi tun watan Maris, wata biyu kafin nan. Mutane ne ba su sabunta ba. Wani matashi ɗan Birtaniya, Marcus Hutchins, shi ya taka masa burki bayan ya yi rajistar wani adireshin intanet da ya gani cikin bairos ɗin, a kan kuɗin da bai kai dala 11 ba.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, tunda da yawa tsohuwar kwamfuta ta hannu muke saya. Microsoft ta daina kula da Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, Chrome 109 ce ta ƙarshe da ke hawa kanta. Duk wanda ke shiga asusun banki da irin wannan kwamfuta, ya sani ɗakinsa ƙofa ce ba sakata. Wa'adin Windows 10 ma 14 ga Oktoban 2025 ne.

Shin kun san Windows 10 da 11 suna zuwa da riga-kafinsu, Microsoft Defender, kyauta? Amma sai ka ga mai gyara ya kashe shi don ya ɗora manhajar sata da ba a biya lasisinta ba, wadda sau da yawa ita ce ke ɗauke da cutar. Haka ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza: a 2021 Google ta cire The Great Suspender, mai masu amfani wajen miliyan biyu, bayan ta sauya hannu an cusa mata mugun abu.

Ko kun san bairos na farko da ya yaɗu a kwamfutocin IBM da ire-irensu daga Lahore ta Pakistan ya fito, a 1986? Wa da ƙane ne, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta shi, ana kiransa Brain, har adireshin shagonsu da lambar waya suka saka a ciki. Ta faifan fulofi yake yawo daga hannu zuwa hannu. Yau filas ya gaji wannan aikin. In kun dawo daga shagon buga takardu kuka tarar fayilolinku sun zama gumaka masu 'yar kibiya, kada ku danna ko ɗaya. Yawanci fayilolin na nan, ɓoye su aka yi. A fara bincika filas ɗin da riga-kafi, sannan a fito da su.