Kafin a Ɗauki Shatar Mota Zuwa Kallon Namun Daji

Da zarar kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, kuɗi sun ɗan zauna a aljihu, sai ka ji samari a tashar Tambuwal ko a majalisun Kebbe suna shawarar a yi karo-karo a ɗauki shatar mota a tafi yawon buɗe ido. Shawara ce mai kyau. Dattawanmu suna ba da labarin zamanin da kura ke kuka a bayan gari, mafarauta na dawowa da gada da barewa, ga shi yau akwai saurayin da ko gwanki bai taɓa gani ba sai a waya. Sai dai irin wannan tafiya tun a majalisa take lalacewa, domin kowa lokacin tashi yake tambaya. Wanda ya saba da hanya kuwa, abin da yake fara tsayarwa shi ne ƙarfe nawa za a dawo.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A shekarun nan tafiyar dare a yankinmu ta zama kasada, musamman hanyoyin da suka ratsa daji ta iyakar Kebbe da Zamfara. Don haka a sa magariba ta zama iyaka, sannan a yi lissafi da baya: awa nawa komawa za ta ci, awa nawa za a yi a wurin, nawa za a ware wa salla da cin abinci da facin taya. Abin da ya rage shi ne zai nuna ko wurin da ake marmari na yini ɗaya ne ko na kwana. Kuma a tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a safiyar ranar, don labarin makon jiya ya riga ya tsufa.

Da wannan ma'auni, mutumin Tambuwal yana da wuraren da zai je ya dawo ya kwana a ɗakinsa. Argungu na kan gaba. A bi ta Jega da Birnin Kebbi, a isa da hantsi, a fara da gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarki da aka buɗe wa masu ziyara a 1958, inda aka ajiye makamai da tambura na Kabawa. Daga nan a gangara Matan Fada, wurin bikin kamun kifin da aka faro a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu. Ni a ganina ranar da ba a biki ta fi daɗin kallo: babu turmutsitsi, ga masunta da gorunansu da homa, ga balbela da kirinjijiya a fadama, mutum ya tsaya ya yi tambaya a ba shi amsa. Mai son tarihin jihadi kuma yana iya karkatawa Gwandu ya ziyarci hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, amma kada a cusa duka a yini ɗaya. Wuri biyu sun isa.

Yawuri ta fi nisa, sai an yi sammako sosai. Can ne ake ganin faɗin kogin Kwara inda ruwan madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, ya taru, kuma akwai dorina a wannan ruwa. Dorina ba abar wasa ba ce, tana kifar da kwalekwale, saboda haka daga nesa ake kallonta. Duk wanda zai shiga jirgi ya nemi rigar kariya, ya kuma ƙi shiga wanda aka yi wa lodi fiye da kima. Mutanen yankin ba su manta da hatsarin jirgin Wara na watan Mayun 2021 ba, wanda ya ci rayuka masu yawa. Gandun dajin Kainji kansa, da sassansa biyu na Borgu da Zugurma, yana cikin manyan gandun da suka fi kusa da mu, to amma rahotannin 'yan bindiga a cikinsa sun sa ba wurin da za a nufa ba ne sai da tabbaci daga hukumar gandun.

Wanda ya dage sai ya ga giwa, Yankari zai nufa, a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi, kuma ya san tun daga gida cewa wannan tafiyar kwanaki ce. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Daga ƙofar shiga zuwa masaukin Wikki kaɗai tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai ce. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe, tafkuna suka ƙafe, dabbobi suka koma shan ruwa a kogin Gaji. Da damina daji ya yi duhu, ruwa ko'ina, giwa tana iya tsayawa kusa da kai ba ka gan ta ba.

A can ma agogo ne ke mulki, sai dai na dabbobi. Ɓauna da gwanki da gwambaza da sanyin safiya suke fitowa, sai kuma bayan la'asar. Da rana tsaka kowa ya shige inuwa. Na sha jin waɗanda suka yi barci har hantsi, suka fita da azahar, suka dawo suna cewa babu komai a dajin sai birai. To, wa ya aike su? Tsarin da ya fi shi ne a fita kallo bayan asuba tare da ɗan jagora na gandun, a dawo a karya, a yi tsakar rana a maɓuɓɓugar Wikki, wadda ɗumin ruwanta ke tsaye a wajen digiri 31 rani da damina, sannan da yamma a sake fita, ko a je kogunan Marshall waɗanda mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin dutse. Ko da an bi duk wannan, babu mai yi maka alkawarin giwa. Garke ne mai yawo, wata rana a dace, wata rana sai dai a ga sawu da kashi.

Guzuri ba ya buƙatar dogon bayani: ruwan sha mai yawa, takalmi rufaffe, tufafi marasa ƙyalli, katin shaida, da tsabar kuɗi a hannu saboda waya na iya rasa sabis. A rufe tagogin mota da ƙofar ɗaki, don gwaggon birin Wikki ya ƙware wajen fizge leda daga hannun baƙo, kuma ba shi abinci ƙara masa tsaurin ido ne. Ba a sauka daga mota a cikin daji sai jagora ya ce a sauka.

Ga malaman makarantun Tambuwal da Kebbe da ke son fita da ɗalibai, ku fara da Argungu, ku nemi izinin iyaye a rubuce, ku bar sunayen yaran da lambar direba a hannun shugaban makaranta, sannan ku tashi bayan sallar asuba.